Ganuwar Yaya Waliu

A Fagge, a wani layi da ke bayan Titin Ibrahim Taiwo, akwai wani yaro ɗan aji shida na firamare. Shi ne ƙarami a gidansu, don haka kowa Auta yake ce masa. Kakanninsa daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma shi a Kano aka binne cibiyarsa. Babansa yana da shagon taliya da sukari a Kasuwar Singa.

Auta yana da wa guda ɗaya, Yaya Waliu. Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Tun daga ranar, bencin ƙofar gida ya yi wa Auta tsawo.

Bayan an yi sadakar arba'in, Iya, mahaifiyarsu, ta ba shi wayar marigayin. Ta ce Asabar da Lahadi kawai zai riƙa taɓa ta, shi ma sai ya dawo daga Islamiyya.

A cikin wayar akwai wani wasan kati mai suna Yaƙin Birane. Mutum biyu ke yi, kowa da wayarsa. Kowa yana da birni, yana kuma da ƙunshin katin da ya zaɓa da kansa. Wanda aka rusa birninsa ya faɗi. Wanda katinsa ya ƙare, shi ma ya faɗi.

Yawancin yara katin faɗa suke so, irin su Gobara da Tsawa da Damisa. Su ne masu ƙara da walƙiya. Yaya Waliu ba haka yake ba. Ƙunshinsa cike yake da Ganuwa mai tare hari, da Rijiya mai mayar wa birni ƙarfinsa, da Kunkuru mai shan duka bai motsa ba. Ba ya kai hari. Yakan zauna ne kawai, abokin wasa ya yi ta jifa har hannunsa ya zama wayam. Ya sa wa ƙunshin suna Ganuwar Waliu. A duk gidan, wannan ne abin da ya rage yadda hannunsa ya jera shi.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Kafin ya ajiye kati, sai ya kifa wayar a kan gwiwarsa. Ya ɗaga kai ya kalli layi, ya kalli mai rake ko akuyar maƙwabta. Sannan ya ɗauki wayar ya taɓa. In Auta ya ce ya yi sauri, sai ya yi dariya ya ce ganuwa ba ta gudu, mai gudu ne yake gajiya.

Ba Auta kaɗai ya koyi wasan a kan bencin nan ba. Akwai Somtochukwu, abokinsa na aji, wanda ake kira Somto. Gidansu yana Sabon Gari, babansa gyaran janareta yake yi. In sun taso daga coci ranar Lahadi, sai ya biyo da tsohuwar wayar yayarsa, su zauna su uku.

Bayan rasuwar, Somto bai daina zuwa ba. Sai dai yanzu kullum shi yake ci. Auta ba ya iya jira. Yakan zubar da Rijiya tun birninsa bai ji ciwo ba, ya ƙarar da Ganuwa tun hari bai zo ba.

Wata Lahadi suna cikin wasa, Somto ya kifa wayarsa a kan gwiwa, ya ɗaga kai ya kalli layi. Daidai nan Iya ta leƙo. Ta tsaya cak. Ta sa bakin gyale ta goge ido, ta koma ciki. Jim kaɗan ta fito da alale mai zafi a faranti, ta ajiye a gaban Somto, ta shafa kansa.

Farantin na su biyu ne. Amma Auta bai ga haka ba. Shafa kan nan kawai ya gani.

A makaranta abin ya ƙaru. Malam Ari, malamin kwamfuta, ya ce za a yi gasar Yaƙin Birane ranar da za a ba da hutu, kowa ya zo da waya in iyayensa sun yarda. Malam Ari ya taɓa koyar da Yaya Waliu. Da ya ga wasan Somto a wajen gwaji, sai ya girgiza kai ya ce, “Allah ya ji ƙan Waliu. Yaron nan kamar shi ya tashi.”

Kaosarat, wata yarinya mai kaifin baki da ke zama a bayan Auta, ta zungure shi da biro.

“Ka ji ko? Kai waya ka gada, Somto kuma ya gaji ƙwaƙwalwar.”

'Yan aji suka yi dariya. Auta bai yi ba. A ransa ya ce, wana ne fa. Ni na kwana ɗaki ɗaya da shi. Ni nake riƙe masa buta. Yaya za a yi wani daga Sabon Gari ya zo ya fi ni kama da shi?

Daga ranar ya daina raba gyaɗarsa da Somto a lokacin tara. In Somto ya yi masa magana, sai ya ce kansa ke ciwo. Abu ɗaya yake so, ya kayar da Somto a gaban Malam Ari, kayarwar da kowa zai gani.

A cikin wasan, ana iya narka kati a samu zinariya, a ƙera wani katin da ita. Ranar Asabar da rana, Auta ya shiga soro shi kaɗai. Ya buɗe Ganuwar Waliu. Ya taɓa Ganuwa ta farko. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, domin abin da aka narka ba ya dawowa. Ya danna. Ya bi Rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Kunkuru, yatsansa ya tsaya. Shi ne katin da Yaya Waliu ya fi so, har yakan kira shi Alhaji Sannu-Sannu.

Sai ya tuna hannun Iya a kan Somto. Ya rufe ido ya danna.

Da zinariyar ya ƙera Gobara da Tsawa da Damisa. Sabon ƙunshin ya yi jawur, gwanin kyau.

Ranar gasa, ɗakin kwamfuta ya cika. Auta ya fara da ƙafar dama. Duk wanda aka haɗa shi da shi, kafin ya gyara zama birninsa ya zama toka. Yara suka yi ta tafi. Har Kaosarat ta ce ashe Auta yana da haƙora. Ƙirjinsa ya buɗe. A ƙarshe aka rage su biyu, shi da Somto.

Auta ya jefa Gobara tun a hannun farko. Somto ya ɗago ya dube shi.

“Ina ganuwarka?”

“Na gaji da zaman kunkuru,” in ji Auta. “Yi wasanka.”

Somto ya mayar da ido kan wayarsa. Ya ajiye Ganuwa. Auta ya fasa ta da Tsawa. Ya saki Damisa. Birnin Somto ya yi ta girgiza, ƙarfinsa yana raguwa, har ya rage ɗan siriri kamar zaren ɗinki. Yara suka miƙe tsaye. Auta ya saci kallon Malam Ari, yana so ya ga ko yana gani.

Somto ya kifa wayarsa a kan gwiwa. Ya kalli taga, inda wani ɗan tsuntsu yake tsalle a kan wayar lantarki. Sannan ya ɗauka, ya ajiye Rijiya. Birninsa ya ɗan farfaɗo.

Auta ya sake jifa. Ganuwa ta tare. Ya ƙara. Rijiya ta mayar da abin da ya rusa. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Ya jefa babbar Gobararsa, wadda ya ɓoye don ƙarshe. Sai ga Kunkuru ya fito a gaban birnin Somto, ya shanye wutar duka, ko gezau.

Auta ya kai yatsa zai ja wani katin. Babu. Ƙunshinsa ya ƙare.

Aka yi wa Somto tafi. Ya taso ya miƙa wa Auta hannu. Auta ya kau da kai, ya ɗauki jakarsa ya fice. Malam Ari ya kira shi, bai waiwayo ba.

Da ya isa gida ya wuce ɗaki, ko takalmi bai cire ba. Ya buɗe wayar don ya koma ƙunshinsa na da. Sunan yana nan, Ganuwar Waliu. Amma a ƙarƙashinsa ba komai sai gurabe masu launin toka, kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ya yi ƙoƙarin tuna wane kati ne a wane gurbi. Ya kasa.

A nan ne ya gane abin da ya yi. Ba Somto ya ƙona ba. Aikin hannun wansa ya ƙona.

Iya ta same shi yana kuka, tuwonsa ya huce a gefe. Ta zauna a bakin katifa, ba ta yi masa faɗa ba. Ya faɗa mata komai, tun daga farantin alale har zuwa soro.

“Kin fi son sa,” ya ce cikin shessheƙa. “Shi ne yake kama da Yaya. Ni ban iya komai nasa ba.”

Iya ta share masa hawaye. Sannan ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta.

“Auta, duk wanda ya riƙe mini wani abu na Waliu, gode masa nake yi. Somto ya riƙe zamansa. Kai kuma dariyarsa ce a bakinka, ba ka sani ba. Tun da ya tafi nake kasa kunne, ban ƙara jin ta ba.”

Ta ce masa hassada kamar katinsa na Gobara take, a gidan mai ita take fara ci. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, amma abokin da ya miƙo hannu aka ƙi karɓa yana nan da ransa, ba a narka shi ba tukuna.

Ranar Lahadi, Iya ta ƙulla masa alale a leda. Ya taka har Sabon Gari, yana tafe yana shirya maganar da zai faɗa. Ya tarar da Somto a ƙofar gidansu, bai ko cire kayan coci ba. Duk maganar da ya shirya ta gudu. Ya miƙa hannu kawai ya ce a yafe masa. Ya nuna masa guraben toka.

Somto ya dubi wayar, ya riƙe baki.

“Har Alhaji Sannu-Sannu?”

Auta ya sunkuyar da kai.

“Kai, wallahi kanka da motsi,” in ji Somto. “Ni fa ba ni da wa, Auta. Naka nake ara. Kullum in na zo gidanku, ji nake ina ma ni ne kai.”

Auta ya dube shi. Bai taɓa kawo haka a ransa ba.

Somto ya buɗe tasa wayar. Ashe ƙunshinsa kwafin na Yaya Waliu ne, kati da kati, gurbi da gurbi. Marigayin ne ya jera masa da hannunsa. Ya ce a lokacin Yaya Waliu ya gaya masa yana so ƙaninsa ya samu abokin wasa mai haƙuri, ko da rana ta zo shi ba ya kusa.

A wasan ba a kyautar kati. Sai dai mutum ya yi ta wasa, yana samun zinariya kaɗan kaɗan. Haka suka yi duk hutun nan. Kowace Asabar da Lahadi suna kan benci. Auta ya narka katunansa na wuta, amma abin da suka bayar bai kai rabin abin da ya ɓatar ba. Sauran sai da gumi. In ya samu Ganuwa ɗaya, Somto ya nuna masa gurbinta. In ya yi gaggawa, Somto ya buge masa hannu ya ce, “Ina za ka? Mota ce za ta tashi?”

Kunkuru ne ya zo a ƙarshe, domin ya fi kowa tsada. Dama can ba ya sauri.

Ranar da ƙunshin ya cika, suka kara. Somto ya ari wayar wani ɗan ajinsu mai katin faɗa, ya yi ta ruwan wuta. Birnin Auta ya rage ɗan siriri. Yatsansa ya yi ƙaiƙayi. Sai ya kifa wayar a kan gwiwarsa, ya ɗaga kai ya kalli layi.

A daidai lokacin akuyar maƙwabta ta fizgi rake guda daga baron mai rake. Mutumin ya bi ta da gudu, takalminsa ɗaya ya cire. Dariya ta ƙwace wa Auta, irin wadda take fitowa tun daga ciki.

A tsakar gida, Iya ta tsaya da ludayi a hannu. Ta saurara har dariyar ta ƙare. Ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta zuba alale a faranti ɗaya.

Auta ya ɗauki wayar, ya ajiye Rijiya. Ranar shi ya ci.

Tun daga nan ya riƙe darasi biyu. Mai haƙuri shi yake kaiwa ƙarshen wasa. Kuma in wani yana son wanda kake so, ba ƙwace maka shi ya yi ba, taya ka riƙewa yake yi. Hassada kuwa, kayan mai ita take fara ƙonawa.