Makullin Ɗakin Magani

"Ole! Ole! Ɓarauniya!"

Da wannan ihun na Yarbanci da Hausa aka fito da Safinatu daga ƙaramin asibitin unguwarsu a Agege, da rana tsaka, wata ranar Talata. Wata ta riƙe mata mayafi, wata ta damƙi hannunta, ana janta a cikin taɓo zuwa bakin kasuwa. 'Yan okada suna tsayawa kallo, fasinjojin motocin danfo suna leƙowa ta taga suna tambayar abin da ta sata. Ba ta yi kokawa ba, ba ta ɗaga murya ba, kanta a sunkuye, hawaye suna ɗiga a kan farar rigar aikinta, bakinta yana ta maimaita, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Abin da ya fi ƙona mata zuciya shi ne duk matan nan da ke janta ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ta raka wasu awon ciki, ta riƙe wa wasu jarirai ranar rigakafi. Allah sarki!

Safinatu marainiya ce. Iyayenta sun rasu a hatsarin mota tana 'yar shekara tara, ta tashi a hannun kawunta Barau, mahauci a mayanka. Da yake haihuwar Legas ce, Yarbanci a bakinta kamar Hausa, shi ya sa aka ɗauke ta a asibitin tana yi wa marasa lafiya tafinta, tana shara, tana riƙe da makullin ɗakin magani, tana taimakon Sista Caroline, nas ɗaya tilo da ke wurin, 'yar kudancin Kaduna. A bara ne hukumar yankin ta sanya sabon haraji a kan 'yan kasuwa da sunan kuɗin lafiya, aka yi alkawarin za a cika asibitin da magani, a sayo janareta. Matan kasuwa suka ƙi, suka ce sun gaji da haraji mai suna iri-iri da ba a ganin amfaninsa. Sai Oga Shitu, wanda aka ba kwangilar karɓar harajin, kuma shugaban kwamitin asibitin, ya roƙi Safinatu ta shiga tsakani. Ita kuwa da zuciya ɗaya ta bi rumfa-rumfa tana lallashi. "Iyayena, ku bayar don Allah. Wannan karon ba irin na da ba ne. Ni na tsaya muku, in ba ku ga magani ba ku kama ni." Saboda ita suka bayar, duk mako, daga mai waina har mai kayan miya.

Wata bakwai suka wuce, ɗakin magani babu komai sai ƙura da kyankyasai. Duk lokacin da ta tambayi Oga Shitu sai ya ce, "Yana hanya, kin san aikin gwamnati." Wata rana ya kawo mata wata takarda mai dogon Turanci, ya ce shaidar halartar taron kwamiti ce, ta sa hannu ba tare da ta karanta ba. Kwana goma bayan haka aka kawo Batulu mai waina tana naƙuda, jini yana zuba. Babu allurar tsayar da jini, babu ruwan ƙari, ko safar hannu babu. Kafin a samo mota, kafin a ratsa cunkoson hanya zuwa babban asibiti, ɗan da Batulu ta yi shekara goma sha ɗaya tana roƙon Allah ya ba ta ya koma... Ita ma da ƙyar aka ceto ranta.

Shi ne yau aka tsayar da Safinatu a tsakiyar kasuwa. Oga Shitu ya hau kan benci yana ɗaga takardar nan sama. "Jama'a, ni na sauke nauyina! Kwali arba'in na magani hukuma ta sayo da kuɗinku, na damƙa a hannun yarinyar nan, ga sa hannunta! Makulli a wurinta yake. Ku tambaye ta inda ta kai su!"

"Wallahi Oga ban ga ko kwali ɗaya ba," in ji Safinatu. "Kai ka ce min takardar taro ce..."

"Sa hannunki ne ko ba naki ba ne?"

Ta dubi takardar. Nata ne! Batulu ta ratso taron, ta rame, idanunta sun zurma. Ba ta zage ta ba, ba ta ɗaga mata hannu ba. Ta dube ta kawai ta ce, "Safinatu, a rumfata kika zauna kika ci waina kika ce min kin tsaya mana. Da na sani da kuɗin nan na tara na tafi asibitin kuɗi. Na bar ki da Allah." Da a ce dukanta aka yi da ya fi mata sauƙi. Safinatu ta durƙushe a cikin taɓo ta rufe fuska, tana fatan ƙasa ta tsage ta shige.

Kafin la'asar an kore ta daga aiki, an karɓe makullin. Da ta isa gida ta tarar kawu Barau ya fito da akwatinta tsakar gida. "Kawu, ka saurare ni ko sau ɗaya..." Ya juya mata baya. "Shekara talatin ina sayar da nama a garin nan, ba a taɓa kama ni da tauye awo ba. Yau a mayanka ana nuna ni ana cewa ga kawun ɓarauniyar magani! Ɗauki kayanki. Ba ni da 'ya." Ta kama ƙafarsa tana kuka, ya fizge ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Washegari saurayin da aka sa musu rana ya aiko a mayar masa da kayansa.

Sista Caroline ce ta ɗauke ta, ta ba ta tabarma a ɗakinta guda ɗaya da ke bayan layin dogo. Ita ma kuka take yi. "Safinatu, ki yafe ni. Na san babu abin da ya shigo ɗakin nan, amma Oga ya ce in na buɗe baki za a ce tare muka sayar, kuma yarana uku suna makaranta a gida. Kunyarki nake ji, wallahi." Safinatu ta ce, "Ba komai Sista, Allah yana gani." Wata biyar ta yi a ɗakin nan ba ta fita sai da asuba ɗibar ruwa, fuskarta a rufe da hijabi. Ta je neman aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a Abule Egba, kwana biyu wata mata ta gane ta aka sallame ta. A kowace sujada addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, ban ci ba, ban sha ba, amma da bakina na yaudari bayinka ban sani ba. Ka yafe min, ka wanke ni kafin in mutu..."

Da damina ta yi nisa, kwatoci suka cika suka shiga rijiyoyi, amai da gudawa ta ɓarke a unguwar. Asibitin ya cika maƙil har baranda, Sista Caroline ita kaɗai, babu magani. Safinatu ta kasa zama. Ta ɗaura hijabi ta koma ba tare da an kira ta ba, tana tafasa ruwa a bayan ginin, tana haɗa ruwan gishiri da sukari, tana ɗura wa yara da cokali. Wasu matan suna kau da kai, wasu suna karɓa ba su ce mata komai ba.

A rana ta huɗu da hantsi sai ga wata mata ta shigo a guje babu takalmi, ɗauke da 'yarta 'yar shekara huɗu, wuyanta ya langaɓe. Bilkis ce, matar Oga Shitu! Ruwa ya shanye hanya, mota ba ta fita, mijinta kuma ya yi tafiya. "Sista ki taimake ni! Ki sa mata ruwa! Halima Sa'adiya za ta mutu!" Sista Caroline ta buɗe mata ɗakin magani ta nuna mata kantoci wayam. Bilkis ta tsaya tana kallon kantocin nan kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Safinatu ba ta tsaya tunanin 'yar waye ba. Ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinyarta, cokali bayan cokali, tana amayarwa tana sake ba ta, tana yi mata addu'a a kunne, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Can yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Mama... ruwa."

Bilkis ta zube a gaban Safinatu, a gaban duk matan da ke baranda, ta fashe da kuka. "Kaicona! Kaicona ni Bilkis! Jama'a ku ji, yarinyar nan ba ta saci komai ba! Kwalayen nan a ɗakin bayan gidanmu suka kwana uku, da idona na gan su. Baban Halima ya loda su a mota ya kai kemis ɗin abokinsa a Abule Egba. Na sani, na yi shiru ana janta a titi... Ga shi yau ita ce ta ceto min 'ya!"

Sista Caroline ta share hawaye ta ce, "Ni ma na yi shiru. Yau na daina."

Su biyun suka tsaya gaban jami'an lafiya da aka turo saboda annobar, suka faɗi komai. Aka je kemis ɗin aka tarar da ragowar kwalayen, hatimin gwamnati a jikinsu da rubutun ba na sayarwa ba ne. Ranar da Oga Shitu ya dawo daga tafiya a tasha 'yan sanda suka tarbe shi, tare da mai kemis ɗin da wani ma'aikacin ofis da suke raba riba. Kotu ta ɗaure shi, aka ƙwace gidan da ya fara ginawa.

Matan kasuwa ba su tsaya nan ba. Suka rufe rumfunansu suka yi tattaki har ofishin hukumar, Batulu a gaba. "Ranka ya daɗe," ta ce wa shugaban, "ku kuka sa harajin, ku kuka ba ɓarawo amana, wata bakwai ko leƙowa ba ku yi ba. Ɗana ba zai dawo ba. Amma daga yau ba za mu ba da ko sisi ba sai an riƙa karanta mana abin da aka sayo, da Hausa da Yarbanci, a tsakiyar kasuwa, mu je mu gani da idonmu." Shugaban ya sunkuyar da kai, ya nemi gafara, ya amince. Cikin mako biyu motar magani ta iso, janareta ya tashi, aka mayar da Safinatu aiki, aka kuma ɗauki nauyin karatunta na aikin jinya.

Wata safiya tana share baranda sai ta hango wani tsoho tsaye a bakin ƙofar asibitin, ya kasa shigowa, hularsa a hannu yana murzawa. Kawu Barau ne, ya yi furfura kamar shekaru goma suka wuce. Ta ajiye tsintsiya ta fita ta durƙusa har ƙasa. "Kawu, ina kwana?"

Ya ce, "Tashi, Safinatu, tashi don Allah... Ni ya kamata in durƙusa. Kwana shida ina zuwa nan ina komawa. Amanar 'yar'uwata aka ba ni, na jefa ki titi don tsoron bakin mutane. Da wane ido zan dube ta ranar lahira?" Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

Safinatu ta kama hannunsa mai kaushi da hannu biyu, ita ma tana kuka. "Kawu, kai ka ciyar da ni shekara goma sha huɗu. Na yafe, duniya da lahira. Ka shigo a auna jininka, na ga ƙafarka ta kumbura."

Ta ja shi a hankali suka shiga ciki.