Turmin da Ladidi Ta Tayar

Ku matso kusa, ku rage murya. Mai tsoro ya tafi ya kwanta.

Ladidi mai shara ce a gidan tarihin garinsu. Akwai ɗakin da aka ware wa kayan mata, su ƙore, faya-fayi, ludaya da maburgai. Wata rana aka kawo wani turmi daga kufai, baƙi ƙirin. A kife aka same shi, da dutse a kai. Shugaban gidan, ɗan boko mai ji da kansa, ya ce a tayar da shi baƙi su riƙa ganin cikinsa. Ladidi 'yar ƙauye ce, ta san ba don gudun ruwan sama ake danne turmi da dutse ba. Amma ta ji tsoron kora. Da hannunta ta tayar da shi.

Ranar Juma'a da tsakar rana maza duk suka tafi masallaci. Daga ita sai goyonta, yarinya 'yar wata biyar. Tana cikin shara ta ji ƙanshin sabon surfe. Ta ɗaga kai. Ga wata tsohuwa tsaye bakin turmin, riƙe da taɓarya. Ladidi ta riga ta yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, amma babu sawun kowa sai nata.

Ta gaishe ta. Tsohuwa ta amsa, bakinta bai motsa ba. Daga cikin turmin muryar ta fito.

"Ke kika buɗe min?"

"Sa ni aka yi, Iya."

"Wanda ya sa ki bai iya daka ba. Shekaru ina rufe, 'ya'yana ba su ci ba." Ta leƙa goyon. "Ki ba ni wannan in raine ta, ta taya ni daka. Ko hannuwanki."

Yarinyar, abin tausayi, har dariya ta yi mata. Ladidi ta yar da tsintsiya, ta miƙa hannuwa biyu.

Da aka sauko daga masallaci aka tarar da ita zaune, hannuwan sun saki kamar tsumma. Babu maganin da ba a yi ba. Kullum da tsakar rana sai hannuwan su tashi da kansu, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har tafukan su yi bororo, sannan su zube. Shugaban ya ce farfaɗiya ce, ya sallame ta ko sannu babu.

Yarinyar ta rayu, maƙwabciya ce ta raine ta. Ranar da ta fara tafiya ta nufo uwarta, ta ɗaga hannu a ɗauke ta. Ladidi tana kallo, hawaye na zuba, har yarinyar ta gaji ta juya wajen maƙwabciya.

Turmin yana nan a buɗe. Kada in ji wata cikinku ta shiga ɗakin nan ita kaɗai.