Ɓarawon Taurari

Ranar da maganar ta fashe, Mas'uda tana tsakar gidansu a Gwaram, ita da mahaifiyarta Inna Mairo suna ɓarar gyaɗa. Hannunta ɗaya ne yake aikin, ɗayan yana ƙarƙashin mayafi yana latsa waya. Inna ta gani sarai, amma ta ɗauka karatu ne, domin don karatun jinya Malam Ishiyaku ya saya wa 'yarsa wayar lokacin da za ta tafi makaranta a Birnin Kudu. Ranar da ya miƙa mata ma sai da ya sa ta yi masa alƙawari: karatu da gaishe da iyaye kawai, ban da wasa, ban da shiririta.

Alƙawarin nan kuwa ya daɗe da karyewa, kuma Taufiq ne sila. Taufiq malamin lissafi ne a wata sakandare a Birnin Kudu. A asibiti suka haɗu, ya kawo mahaifiyarsa ba lafiya, ita kuma tana koyon aiki a ɗakin. Tun daga nan aka fara gaisawa, gaisuwa ta zama zance, zance ya zama so mai tsanani. Shi ya nuna mata wani gem, wato wasan waya, da samarin unguwarsu suka haukace a kansa. Ana ba mutum 'yar duniya guda a can cikin sararin samaniya, ya noma abinci, ya haƙo ƙarfe, ya ƙera jirage, ya riƙa bin taurari yana kafa garuruwa har ya zama mai daula. Samari yaƙin suka fi so. Mas'uda kuwa 'yar manomi ce, rumbuna ta dinga ginawa. Suka ƙulla ƙawance, Taufiq yana tsaron iyaka da jiragensa, ita tana mulki. Da ƙuruciya ta ɗebe ta, sai ta raɗa wa ƙasarta suna Daular Mas'uda ta Gwaram, sunan yana nan ɓaro-ɓaro a saman allon duk wanda ke cikin ƙawancen.

A lokacin manyan Taufiq sun riga sun zo gaisuwa, bincike kawai ya rage. Malam Ishiyaku ya ɗora aikin a kan ƙanensa, Baffa Maikano, direban bas mai jigilar Kano, mutumin da kullum yake cika baki cewa daga yadda fasinja ya rufe ƙofar mota yake gane halinsa.

Shi ne ya yi sallama a ranar, fuska a murtuke. Muryarsa ta tasha ce, ko raɗa ya yi sai maƙwabta sun ji, don haka duk abin da ya faɗa wa yayansa a zaure ya iso kan tiren gyaɗa. Ya ce liman ya yabi yaron, mai unguwa ya yabe shi, amma shi ba a yi masa rufa-rufa. Ya nemi babban abokin Taufiq a Birnin Kudu, wani Abdulsamad mai shagon cajin waya, ya tarar da shi zaune ya yi tagumi, shago wayam ba ko mutum ɗaya. Bai faɗi ko shi wane ne ba, ya dai jefa tambaya.

“Ka san abin da ya ce da ni, Yaya? Ya ce, ‘Taufiq? Ai shi da mutanensa suka gama da ni. Taurarina duk sun ƙwace, saura guda ɗaya nake lallaɓawa. A fili mutumin kirki ne, amma in ya shiga can ba shi da imani.’ Da kunnena na ji. Na dubi shagon yaron, na ga an riga an gama da shi.”

Inna Mairo ta saki tire, gyaɗa ta watse, ta hau salati. Wa bai san tauraro ba? Shi ne sa'ar mutum da farin jininsa, kuma kowa ya tashi da jin labarin matsafan da ake cewa suna sace shi, su bar mutum yana yawo ba kasuwa ba albarka.

Dariya ce ta fara taso wa Mas'uda, sai ta haɗiye ta. Ita ta san inda taurarin Abdulsamad suke, suna ƙarƙashin mayafinta. Kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wurin, amma kalmar nan tana nufin ta dubi idon Baba ta ce ta ci amanarsa. Tsoro da kunya suka ɗaure mata baki. Tana ji Malam Ishiyaku ya ce a aika Birnin Kudu a ce a dakata da maganar aure.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya gama Gwaram, ya kuma yi ƙiba a hanya. Wata ta ce a kwalba yake tara taurarin. Wata ta ce shi ya sa yake koyar da lissafi, ai hisabi yake bugawa. Wata tsohuwa ta zo har gida yi wa Inna barka da arziki, ta ce da ma ta lura tun da yarinyar ta tafi Birnin Kudu haskenta ya ragu. Mas'uda ta shige ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Tana son Taufiq, so irin wanda ba ta taɓa zaton zai kama ta ba, ga shi ana jan sunansa a ƙasa saboda ita.

Da ta kira shi, dariya ya yi har da tari. Ya ce ranar da Baffa ya je wuta ce aka ɗauke, janareton Abdulsamad kuma yana wurin gyara, shi ya sa shagon ya bushe. Ya ce zai zo da kansa ya yi bayani. Ta ce masa cikin kuka, in Baba ya ga sunanta a allon nan, ba ta san da wane ido za ta sake kallonsa ba. Taufiq ya ce, “Ba zai gani ba. Ki kwantar da hankalinki, Sarauniya.”

Ranar Juma'a bayan la'asar suka iso, Taufiq da kawunsa Malam Ƙasimu, da Abdulsamad wanda aka taso ƙeyarsa don ya gyara ɓarnar bakinsa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Mas'uda ta laɓe a bayan katanga tana saurare.

Abdulsamad ya rantse ya maya cewa wasa ne na waya, taurarin zane ne kawai. Baffa Maikano ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai da ma haka suke, wanda aka sace wa tauraro duk abin da aka sa shi ya faɗa shi zai faɗa. Da aka ce Abdulsamad ya nuna a tasa wayar, sai ya sosa ƙeya ya ce don haushi ya goge gem ɗin tun makon jiya. Baffa ya dubi yayansa ya yi murmushin na-faɗa-maka.

Malam Ishiyaku mutum ne mai sanyin magana. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, gani ya kori ji, Taufiq ya buɗe tasa wayar kowa ya gani. Taufiq ya sunkuyar da kai.

“Baba, ka gafarce ni. Wallahi wasa ne, amma akwai amanar wani a ciki. Ba zan iya buɗewa ba.”

Kawunsa ya zungure shi, ya yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, ya ce yana hauka ne zai saki aure saboda waya? Taufiq bai ɗago ba. Aka sake tambayarsa, ya sake ba da haƙuri. Malam Ishiyaku ya numfasa ya ce shi ba ya zargin kowa, amma ba zai ba da 'yarsa cikin duhu ba, gobe za a mayar musu da kayan gaisuwarsu.

A bayan katanga Mas'uda tana jin komai. Ga mutum zai tashi daga zauren nan da sunan matsafi, ya rasa matar da yake so, duk don kada mahaifinta ya ga laifinta. Ita kuwa tana laɓe kamar ɓera. Ta ce a ranta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi abin da budurwa ba ta yi a Gwaram, ta yi sallama ta shiga zaure gaban surukai, ta durƙusa a gefen mahaifinta.

“Baba, ni ce ɓarauniyar. Taurarin suna wurina.”

Baffa Maikano ya ja da baya har ya bugi bango, yana faɗin innalillahi, har ita an sa ta a ciki. Mas'uda ta buɗe wayar, ta miƙa. Malam Ishiyaku ya laluba aljihu ya sa tabarau. Allon baƙi ne, an yayyafa masa ɗige-ɗige masu haske, rabinsu an zagaye su da kore, a sama kuma ga sunan 'yarsa da na garinsu.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya wanne ne na Abdulsamad. Ta nuna masa wani ɗan ɗigo ja a can lungu, shi kaɗai kamar maraya. Ya tambaya sauran fa, da yaƙi ta ci su? Ta ce a'a. Abdulsamad duk abin da ya samu jiragen yaƙi ya ƙera da shi, bai noma ba, bai ajiye ba. Yunwa ta shiga garuruwansa, talakawansa suka yi masa bore. Ita kuma rumbunanta cike suke, ta riƙa aika musu da abinci, sai suka dinga yi mata mubaya'a tauraro bayan tauraro. Aikin Taufiq kawai ya tare hanya kada a zo a kwashe mata hatsi.

Abdulsamad ya manta a gaban manya yake, ya ce, “Ai ka ji, Baba! Da tuwo ta cinye ni, ko harbi ɗaya ba ta yi ba.”

Malam Ƙasimu ne ya fara fashewa da dariya. Malam Ishiyaku ya yi ƙoƙarin daurewa, gemunsa yana motsi, daga baya shi ma ya saki. Baffa Maikano kaɗai bai yi ba. Ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya, ya tambaya a hankali, wato babu kwalba?

Da dariya ta lafa, Malam Ishiyaku ya cire tabarau ya dubi 'yarsa, fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce ta karya alƙawari, kuma shirun da ta yi ya kusa jawo wa bawan Allah baƙin suna har abada, wannan ya fi wasan muni. Mas'uda ta fashe da kuka ta ce ya yafe mata. Ya ce ya yafe, don ta fito da kanta lokacin da fitowar take da wuya. Sannan ya juya ga Taufiq.

“Kai kuma, na aika a bincika mini halinka, ɗan aike ya dawo mini da tatsuniya. Yau na gani da idona. Wanda zai yarda a kira shi matsafi don ya rufa wa 'yata asiri, ba ni da sauran tambaya a kansa. Malam Ƙasimu, ku zo mu sa rana.”

Mas'uda ba ta san lokacin da ta tashi da gudu ta yi cikin gida ba. Ta faɗa jikin Inna Mairo tana kuka tana dariya, Inna kuwa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

A yi wa Baffa Maikano adalci, bai ɓoye kunyarsa ba. Ranar kasuwa shi da bakinsa ya bi rumfa-rumfa da tasha yana warware abin da ya ƙulla, kuma wannan karon muryar tasa ta yi amfani. Bayan kaka aka ɗaura aure. Motarsa ce a gaba wajen kai amarya Birnin Kudu, yana danna hon tun daga Gwaram kamar shi ne angon.

Wurin walima Abdulsamad ya miƙe ya ce shi ma yana da gudummawa. Ya sake sauke gem ɗin a wayarsa, ya kuma miƙa wa amarya ɗan jan tauraronsa na ƙarshe, kyauta. Samari suka ɗauki tafi. Baffa Maikano ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya ce, “Tsaya tukuna, yaro. Faɗi da ƙarfi kowa ya ji, da hannunka ka bayar. Kada gobe wani mai dogon kunne ya zo bincike.”

To, haka lamarin yake. Kunne yana jin rabin magana ya ƙarasa sauran da kansa, shi ya sa zato ya zama zunubi, kuma gaskiyar da aka ɓoye don kunya wani take ci. Taufiq ya yi haƙuri ya riƙe amana, Mas'uda ta daure ta faɗi gaskiya, Allah ya ba su juna. Wayar kuwa Malam Ishiyaku bai karɓe ba. In ta kira gaishe shi, bayan ya tambayi lafiyar maigidanta, yakan ɗan yi gyaran murya ya ce, “Yaya talakawan naki? A dai riƙa cika rumbu.”