Shirun Inna Kulu

Ranar sadakar arba'in ɗin Inna Kulu, tun da hantsi gidan Alhaji Tukur da ke Hadejia ya cika da mata. Ana tuyar waina, ana ƙulla gumba, mai kuka na yi, mai dariya na yi, don tsohuwar da ta goya jikoki har ta ga 'ya'yansu ba a yi mata makoki da fuska ɗaya. Adila, 'yar autan Alhaji, tana bakin murhu tana juya waina, rabi na ƙonewa. Ta ɗora wa hayaƙi laifin jan idonta, amma kowa a gidan ya san hayaƙi bai ci ba bai sha ba.

Maganar Fatihu ce. Yaro ne mutumin Guri, yana da difloma, amma bai ga dalilin barin sana'ar gidansu ba, bandar kifi yake kawowa kasuwar Hadejia. Da ya aiko neman auren Adila, ƙannen Alhaji suka yi ca, wai gidan da aka tashi da ƙamshin man shanu ba za a shigo masa da ƙarnin kifi ba. Shi Alhaji ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin mahaifiyarsa. Ya je ɗakinta ya durƙusa ya zayyane mata komai. Inna Kulu ta juya fuska wajen bango, ta ci gaba da jan carbinta, ta ce, "Kowa ya ji da 'yarsa."

Kashegari ta ɗaura zane ta ce za ta Guri gaida ƙawarta Zainaba, ga damina ta yi nisa, hanya duk ruwa, sai a kwale-kwale. Ta dawo da zazzaɓi, bakinta ya yi nauyi, ba ta ƙara tashi ba. Tun daga ranar Alhaji ya kafe: auren da uwarsa ta juya wa baya ba zai ɗaura shi ba, ko da Adila za ta yi furfura a gabansa.

Su ma mutanen Guri haƙurinsu ya kusa ƙarewa. Mahaifin Fatihu ya ce in aka watse daga sadakar nan ba a ba su amsa ba, ɗansa ya nemi wata. Hafsat, 'yar gwaggon Adila, wadda bakinta ke riga tunaninta fita, ta matso kusa da murhu.

"Ke dai kin cika sanyi, wallahi! Tun safe Fatihu yake yi miki filashin a waya, kin ƙi tura masa ko tes. Ki kai ƙara wajen alƙali mana, ai zamani ya canza."

"In kai Abba kotu? In tsaya gaban mutane in nuna shi da yatsa?" in ji Adila. "Ina son Fatihu har cikin raina, Hafsat, amma auren da za a fara da hawayen Abba ban san inda zai kai ni ba."

Wajen azahar aka shigo da Iya Zainaba, ana riƙe da ita hagu da dama. Ruwa ne ya tsare ta a Guri tun rasuwar, ga ciwon ƙafa, ga rabin haƙora sun yi gaba, amma bakin nan yana nan daram. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin marigayiya, mata suka kewaye ta, hira ta koma kan Inna Kulu. Aka tuna yadda aka kawo ta amarya daga ruga da ƙwaryar nono a ka, da yadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, ta riƙe su da tallan fura da 'yar gonar shinkafa a fadama. Wata ta ce rabin matasan unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya. Wata ta ce bakinta kamar barkono, amma ba a taɓa shiga ɗakinta a fito hannu rabbana ba. Adila na jin su, tana tuna yadda tsohuwar ke tsokanarta wai ta fi ta iya kwalliya, sai hawaye suka zubo mata sosai.

Alhaji Tukur ya shigo gaida baƙuwa, ya durƙusa gefen tabarma. Bayan an yi wa mamaciya addu'a, Iya Zainaba ta tambaye shi yaushe aka sa bikin yarinyar nan da ɗan garinsu. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce babu biki, Inna ba ta yi na'am ba, ya faɗi yadda ta juya masa baya da abin da ta ce.

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi matan, sai ta kama haɓa.

"Tukur, da furfurarka da komai, har yau ba ka san uwarka ba? Kai ne ɗanta na fari. Yaushe Kulu ta taɓa duban idonka ta yi maka magana a kan abin da ya shafe ka? Ko sunanka ka taɓa ji a bakinta?"

Bai taɓa ji ba. Tun tasowarsa "wancan yaron" take ce masa, da ya girma ya koma "mai gidan nan". Ya san kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, amma a can ƙasan zuciyarsa ya daɗe yana zaton ƙannensa sun fi shi shiga ranta.

Iya Zainaba ta ce lokacin da Alhaji ya zo da maganar auren Rahmatu, uwar Adila, haka Kulu ta juya masa baya, da irin kalmar nan ta sallame shi. Da gari ya waye kuwa ta ratsa ruwa har ƙirji zuwa Kirikasamma ta roƙi uban yarinya, wanda da farko ya ƙi. Hajiya Rahmatu da ke tsaye da faranti a hannu ta nemi wuri ta zauna, don ita ma yau ta fara ji.

"To, zuwanta Guri na ƙarshe, ka ɗauka kyawun fuskata ta je gani? Ta ja ni muka shiga gidan su yaron kamar masu sayen kifi, ba ta faɗi ko ita wace ce ba. Uwarsa ta ba mu tabarma, ta ba mu ruwa, ta ƙi barin mu tafi sai mun ci tuwo. Muka bi maƙwabta gida-gida, ba wanda ya faɗi aibunsa. A bakin kwale-kwale ta ce mini, 'Zainaba, in ruwa ya ja ki zo ki gaya wa wancan yaron ya ba su. Ni bakina ba zai iya ba.' Tun kana zanen goyo ni ce bakinta a wajenka, ruwa ne kawai ya yi mini shamaki."

Alhaji ya ɗago ya dube ta. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Iya, ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba?"

"Ta taɓa. Shekarar da ruwa ya cinye rugar kakanninka kuna can, ana ƙetarar da ku, kana tatata, ka sulluɓe daga kwale-kwale. Ta kurma ihu, 'Tukur! Tukur!' har mutanen da ke tudu suka ji. Wani masunci ne ya faɗa ya tsamo ka, da ƙarninsa da komai. Bayan nan ta yi kwanaki ba ta iya haɗa ido da kowa, don kunyar an ji ta."

Nan Alhaji Tukur, mai jikoki, ya rufe fuska da hannun riga ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ba wadda ta ba shi haƙuri, don duk matan kukan suke yi. Da ya natsu ya kira Adila, ta zo ta durƙusa, hannunta duk man waina.

"Na tsare ki da maganar da Inna ba ta faɗa ba, kuma ko sau ɗaya ba ki ɗaga mini murya ba. Allah ya yi miki albarka. Ki gaya wa yaron nan ya turo magabatansa."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure, ƙannen Alhaji da suka fi kowa ƙyamar ƙarni su suka fi kowa cin kifin walima. Da Adila ta bi shawarar Hafsat, da ta samu miji ta rasa uba, sai haƙuri ya ba ta duka biyun. Haka kuma ba kowane shiru na iyaye ne ƙi ba, wani son kunya ce ke rufe masa baki, sai a duba inda ƙafarsa ta taka.

Da Allah ya ba Adila ɗa namiji, Fatihu ya sa masa sunan surukinsa. Har yau yaron yana gudu a tsakar gida, kowa na kiran sa Tukur, ban da uwarsa. Ita "wancan yaron" take cewa.