Wasiƙar Minista Zuwa Ga Surukarsa

Wata uku da rantsar da Kanar a matsayin ministan ayyuka, ranar wata Talata da hantsi, masinja ya kai wa surukarsa wasiƙa. Inna ba ta karatun boko, don haka ta miƙa wa maƙwabciyarta, ita kuwa ta karanta da ƙarfi a gaban mata huɗu da suka zo taya ta tsintar wake.

"Dangane da buƙatarki ta a ɗauki ɗanki aiki, ana sanar da ke cewa bai cika sharuɗɗa ba." Ga lamba a sama, ga hatimi a ƙasa, ga sa hannun Kanar da koren alƙalami.

Da la'asar 'yarta Sista, matar Kanar, ta taso daga asibiti ta biyo, da fararen kayanta. A asibitin barikin soja ta fara ganin Kanar shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tana cire masa ɗinki a kafaɗa, kuma har yau Sista yake ce mata.

"Inna, lafiya na ga kin haɗe rai?"

"Karanta! Mijinki ya buɗe min fayil. Ni da na ba shi ke tun yana ɗaki ɗaya da gadon ƙarfe, yau ni ce 'ana sanar da ke'!"

Yayan Sista na zaune a bakin ƙofa, shekara shida da gama jami'a, yana kallon ƙasa.

"Inna, wallahi ba da raini ya yi ba, haka yake…"

"To ki zauna nan har ya sake hali. In kin taka ƙofar gidansa ban yafe ba."

Sista ta ajiye jaka ta zauna. Da Kanar ya kira, a bayan ɗaki ta ɗauka, hawaye na bin fuskarta.

"Ban gane ba," in ji shi. "Cikin kwana biyu na ba ta amsa. Akwai gwamnonin da ke jira tun watan jiya."

"Uwata ce fa, Kanar, ba kwamandan bataliya ba!"

"Kina so in ba shi aikin? Injiniyan gada ake nema, shi kuwa tarihi ya karanta."

"Ban ce ka ba shi ba, ba kuma zan ce ba. Amma ba zan tsallake maganar Inna in dawo ba."

Kwana tara ta yi. Daga nan take zuwa aiki, nan take dawowa. Ƙannen Inna suka yi ta sintiri. Wata ta ce ta matsa masa, ai mace ce ke juya minista. Wata ta ce ta nemi takardarta ta huta, tunda ya iya rubutu. Sista kuwa ta rame har zobenta ya fara zamewa.

Rana ta goma da safe ya zo shi kaɗai, ba jiniya, ba dogari. Inna ta ce a gaya masa tana wanki. Ya tsaya a rana, hannaye a baya, ƙafafu a ware, sama da awa ɗaya bai ko sosa hanci ba. Sista na leƙensa ta taga tana cizon gefen mayafi.

"Ce masa ya shigo," in ji Inna a ƙarshe, "kar ya faɗi a ce na kashe wa gwamnati minista."

Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa nesa da tabarmarta.

"Inna, na yi kuskure. Shekara ashirin da shida ina soja. Duk gidan da na shiga da ƙafata don in gaya wa uwa abin da ba ta so, labarin mutuwar ɗanta na kai. Sau goma sha huɗu. Da na tashi zuwa nan sai ƙafata ta ƙi, shi ne na ɓuya a bayan takarda."

Inna ta daɗe tana gyara bakin zaninta.

"To aikin fa?"

"Ba zan iya ba, Inna. Mutane za su bi ta kan gadar da 'ya'yansu. Amma hukumar adana kayan tarihi za ta yi jarrabawa wata mai zuwa. Ba ni da hannu a ciki, sai dai in zauna da Yaya kullum mu yi bita."

"Ka ji da kyau, ɗan nan. Mai mulki na iya hana surukarsa abin da ba hakkinta ba, ba ta mutuwa. Amma ya zo ya faɗa da bakinsa, ya ga fuskarta." Ta juya wajen labule. "Ke kuma mai haƙurin tsiya, fito! Kin cinye min sabulu."

Sista ta fito da jakarta, tana dariya tana share ido. Kanar ya miƙa hannu ya karɓi jakar. Sun kai ƙofa ke nan Yaya ya biyo su da silifas ɗaya a ƙafa.

"Yallaɓai, bitar nan, ƙarfe nawa?"

"Shida na safe. Wanda ya makara, tsallen kwaɗo."