Ƙwaya Bakwai na Hatsin Baushe

Ran kasuwar Filinge ne Yazid ya fara ganin Basiratu, kuma a gaskiya ba da daɗi aka fara ba. Yana tsugune gaban masu hatsi da 'yan ledojinsa da alƙalami, yana sayen hatsi cokali-cokali kamar mai haɗa magani, 'yan kasuwa na ta yi masa dariya. Sai ga wata doguwa, Basiratu ke nan, ta tsaya a kansa, ta ce in dai da wannan awo zai ciyar da iyali, to Allah ya ji ƙan matarsa.

Ya ɗago zai rama, sai ya ga fuskarta. Da ƙyar ya ce ai ba shi da mata.

"Ai ga dalili nan na gani," in ji ta.

Yazid dokta ne, amma ba na asibiti ba. Tushensa Filinge, tashinsa Yamai, kuma shekara takwas ke nan yana wani labo, wato ɗakin bincike, a can yana bin diddigin ribozom, 'yan injunan da ke cikin ƙwayar duk wani mai rai suna ƙera furotin. Su ma injunan akwai furotin a gininsu, shi kuwa aikinsa karanta jerin waɗannan furotin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Abin da ya hana shi sakat shi ne dalilin da ya sa wani hatsin yankinsu na Kurfai ke jure rana, wani kuwa ya ƙone.

Duk wannan bayani ya zuba wa Basiratu a tsaye cikin rana, ita kuwa malamar lakkol ce mai koyar da yara, ta saurare shi har ƙarshe. Daga ranar waya ta ɗauki zafi. Shi yana ce mata Malamata, ita tana ce masa Ɗan Yamai. Ya zama duk ƙarshen mako sai ya matsu cikin motar haya ya taho Filinge, wai gaishe da Gwaggo Haske, ƙanwar mahaifinsa. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa sanin ana sonta haka ba.

Matsalar ita ce Malam Baushe, mahaifin Basiratu. Yana da wani irin hatsi na kaka da kakanni wanda bai taɓa ba shi kunya ba ko a shekarar fari, ba ya sayarwa, ba ya kyauta. Da ya ji sana'ar Yazid sai ya ce wannan ba ɗiyarsa yake nema ba, rumbunsa yake nema. Ga kuma Kailu mai motocin haya, ɗan gida, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa.

Da ruwan farko ya sauka, Basiratu ta ɗaure hatsi cikin hannu ɗaya a ƙyallen atamfa ta miƙa wa Yazid, kanta a sunkuye. Ta ce irin gidansu ne. Murna ta kusa kashe shi. Bayan mako guda saƙonta ya shigo.

"Ɗan Yamai, ya tsiro?"

Shi kuwa gogan naka ya amsa da ɗoki:

"Malamata, ya tsiro fes cikin kwana uku! Na niƙe shi, na fitar da ribozom masu tsabta irin da ban taɓa samu ba. Allah ya saka miki."

Shiru. Ya kira, ba a ɗauka ba. Kwana biyar yana kira, ran na shida ya dira gidan Gwaggo Haske. Da ta ji labari ta tafa hannu ta yi salati, ta ce duk karatunsa ashe ba shi da wayon akuya. Ta ce a gidan Baushe iri ba ya fita sai ta hannun ɗiya mace, kuma namijin da ta yarda ta zauna da shi kaɗai take ba, ya shuka a gidansa. Amsar aurensa ce aka ɗauro masa, ya je ya niƙe.

 Kunya ta rufe Yazid, ga tsoron ya rasa ta.

Bai ɓoye komai ba da ya durƙusa gaban Malam Baushe. Tsohon ya ce wanda ya niƙa iri ya ci gobensa, kuma ga Kailu nan yana jira.

"Baba, na yi kuskure," in ji Yazid. "Amma malamin da ya koya mini aiki ya hore ni kada in taɓa ƙarar da abin da aka ba ni. Na ware ƙwaya bakwai, suna ajiye a sanyi cikin firigo."

"Bakwai?" in ji tsohon. "To tahi ka shuka. In kaka ta yi ka zo ka nuna mini abin da hannunka ya iya."

Mutumin da bai taɓa riƙe hauya ba ya koma manomi a bayan labo. Biyu suka ƙi fitowa, ɗaya tsutsa ta cinye. Huɗun da suka rage ya kewaye da gidan sauro saboda tsuntsaye, abokan aiki na tsokanarsa wai Dokta ya yi 'ya'ya huɗu. Kullum da safe sai ya tura wa Basiratu hotonsu, ba amsa. Sai ranar da suka fara fid da kai saƙo ya shigo:

"Ka ƙara musu ƙasa a gindi, Ɗan Yamai. Iska za ta kayar da su."

Ya karanta ya fi sau ashirin, ya yi wa Allah godiya.

Da kaka ya iso Filinge da zangarniya goma sha ɗaya naɗe cikin ƙyallen atamfar nan. Malam Baushe ya murza ɗaya a tafin hannu, ya hura, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna. Ya ce nasu ne. Sannan Yazid ya nuna masa takardar bincikensa: a furotin uku na ribozom ɗin wannan hatsi ya ga bambancin da bai gani a sauran ba, kuma ba zai fitar da takardar ba sai da izinin Baba, da sunan Baba a kai. Tsohon ya ce shi bai san ribozom ba, amma kakansa ya faɗa masa hatsin nan daban ne tun ba a haifi Dokta ba. Ya yi dariya, ya ce a turo magabata.

Aka ɗaura aure bayan an gama ɗaurin dammuna. Kailu, Allah ya saka masa, da motarsa aka kai amarya. Malam Baushe ya sa musu albarka, Gwaggo Haske na share hawaye tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Da aka watse, Basiratu ta fito da sabon ƙulli ta ɗora a hannun mijinta, ta riƙe hannun ba ta saki ba.

"Wannan fa na mene ne, Dokta?"

"Na shuka ne, Malamata. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta ga labo ba."

Ta yi murmushi, ta kwance ƙullin, ta ƙirga bakwai ta ware gefe.

"Waɗannan ka kai firigo," ta ce. "Bakwai na firigo ne suka aurar da ni."