Tsiryar Gawon Baba

A tashar motar Kalfu da ke cikin Tawa wayar Ramla ta yi ƙara, kuma ba waƙa ba ce, kukan tsuntsu ne mai kaifi. Wani dogon saurayi cikin kakin ƴan gandun daji ya waiwayo a firgice, har ya kusa kifar da tiren mai ƙosai.

"Don Allah ina kinka ɗauki kukan ga?"

"A'a! Babu ko sallama?"

Kunya ta kama shi, ita kuwa dariya ta ƙwace mata. Sunansa Faisal. Ya daɗe yana yawo a kan babur daga Affala har Tebaram, yana neman tsirya, koren tsuntsun nan mai doguwar wutsiya, don ya tabbatar ko har yanzu akwai ta a Adar. Ramla, ɗalibar aikin jinya, ta ba shi lambarta amma ta hana shi amsar tambayarsa.

Tana da dalili. Tsuntsayen suna cikin kogon wani gawo ne a gonar mahaifinta, Malam Sa'idu, a ƙauyen Kalfu, kuma da ganyen gawon nan yake ciyar da tumakinsa duk rani. A wurin tsohon, itacen da ɗan gandun daji ya ɗaga kai ya kalla ya tashi daga naka, sai dai ka wayi gari ka ga jan fenti a jikinsa.

Soyayya dai ba ta jira amsa ba. Saƙo ya riƙa bin saƙo.

"Tsiryata, yau ma na dawo hannu rabbana. Amma na ji muryarki, ta ishe ni."

"Mai kakina, ka ci abinci tukuna. Tsuntsu ba ya gudu da gari."

Ranar da ta shaida wa mahaifinta maganar Faisal, ko barin ta ta ƙarasa bai yi ba.

"Ɗan gandun daji? Shi kwashe mani ɗiya, shi kwashe mani icce? Ga ɗan'uwanki Souleyman nan da shagonai, mi ya rasa?"

Daga nan zama ya gagari Ramla. Ta ɗauki littafi ta ajiye, ta rubuta saƙo ta goge. Duk ƙarshen mako tana hanyar Kalfu don lallashin tsoho, ba ta faɗa wa Faisal dalili ba, shi kuwa labarin Souleyman ya riga ya kai masa. Kishi ya ci shi.

"Kin ɓoye mani wurin tsuntsu, na yi haƙuri. Ashe ba shi kaɗai kike ɓoyewa a Kalfu ba."

Ta karanta, ta yi kuka, ta kashe wayar.

Souleyman ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Da ya ji Ramla na son tsuntsun, sai ya hau gawon ya zura hannu cikin kogo, ya kawo mata guda a keji yana washe baki. Tsuntsun ya ƙi gero, ya ƙi ruwa, sai dukan ƙarfe yake da jan bakinsa. Hankalin Ramla ya tashi. Ta kunna waya ta tura hoto babu ko gaisuwa.

Nan take Faisal ya kira.

"Ita ce, Ramla, tsirya ce! Duba wuyanta, akwai baƙin zobe mai ratsin ja?"

"Babu."

"To ta yiwu macen ce, namiji ke da zobe. In daga cikin kogo anka ciro ta da ranin ga, ƴaƴa gare ta. Ba su kai gobe in ba ta koma ba. Ina ne?"

Ta dubi mahaifinta da ke gyara igiyar rago, ta dubi kejin. Ta san abin da take shirin jawowa, ta kuma faɗa.

Kafin la'asar sai ga shi, cikin riga ƴar shara, ba kaki. Ya durƙusa ya gaida Malam Sa'idu, tsohon ya amsa da ƙyar, amma ya bi su gona riƙe da sandarsa. Tun daga nesa suka ji namijin yana kewaya gawon yana tsala kuka, ga zoben nan a wuyansa. Faisal ya hau, ya buɗe kejin a bakin kogo. Uwar ta shige, sai ƙananan muryoyi suka tashi daga ciki.

Ya sauko idonsa cike da ƙwalla.

"To ina hwantin?" in ji tsohon. "Shafa mu gani."

"Baba, iccenku ne. Shekara da shekaru kuna sassabe shi, kuma nan sunka zaɓa su zauna. Reshen kogon kaɗai nike roƙo a bari."

Malam Sa'idu ya daɗe yana kallon sama. Can ya yage gefen rawaninsa ya miƙa masa.

"Koma ka ɗaure ga reshen, kowa shi san ni na hana. In ka sauko, ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, Souleyman ne ma ya raba goro. Da tsohon ya zo sallamar amarya ya dafa kanta.

"Allah shi yi maku albarka. Kai kuma Faisal, ka riƙa maido mani ita gida ina gani, kamar yadda ka maida waccan."